Goshin Ba Ajimi

"Ɗaga," in ji matar da ke binciken mata a ƙofar asibitin, idonta na kan wayarta.

Rumaisa'u ta kama bakin nikabinta da yatsu biyu, ta tsaya. Layi biyu ake yi a ƙofar nan tun lokacin da bama-bamai suka koya wa Maiduguri bin tsari: maza ta dama, mata ta hagu, bayan wani labulen buhu. Bam ya yi sauƙi, layi ya zauna. Duk zamanta na garin nan ta dama take bi. Yau ne farkon bin ta ta hagu, kuma ta san abin da ake yi a nan idan aka ɗaga nikabi aka ga abin da ba a zata ba. Ba a tambaya. Ihu ɗaya ake yi, sauran aikin na 'yan sintiri masu gora ne.

"Baiwar Allah, da ke nake. Ko sai na durƙusa?"

Ta ɗaga.

Matar ta ɗago kai, ta sauke wayar a hankali. Fuskar da ta gani a kumbure take suntum, ƙasan idanun ya tara jini, haɓar kuma na ɗaure da farin ƙyalle da ya zagaya har tsakar kai.

"Innalillahi! Shi ya yi miki haka?"

Rumaisa'u ta sauke ido. Bakinta ba ya buɗuwa fiye da shigar cokalin shayi.

"Allah ya isa. Kuma na san gobe za ki koma ki tuƙa masa tuwo. Haka muke, ba ma ji." Ta shafa mata sandar binciken sama-sama, ta leƙa ledar lemon da ke hannunta. "Wuce, 'yar'uwa. Sauke abinki, akwai ƙuda."

Ta wuce. Mutum na farko ke nan a ƙasar Borno da ya ga sabuwar fuskarta, kuma cikin numfashi biyu ya ba ta miji, ya ba ta duka, ya kira ta 'yar'uwa. Likitan da ya yi aikin bai yi mata alkawarin da ya kai wannan ba.

Ranar sunanta a unguwar Gwange an yanka rago an raɗa mata Mikail. Babu wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta da bakin magana a lokacin. Da ta yi baki ta fara magana, sai unguwa ta ba ta sunan da take ba irinta, ɗan daudu, ta ɗauka an gama bayani. Mahaifinta Ba Ajimi, mai sayar da huluna, ya rasu kafin abin ya yi nisa. Wanta Babagana ne ya gaji shagon da kuma gidan, shi ne ya watso mata kaya waje wata ranar Laraba, mahaifiyarsu Ya Gumsu, wadda suke kira Ya, tana tsaye da buta a hannu, ba ta ce tafi ba, ba ta ce zauna ba.

A Legas ta zama Rumaisa'u, mai haɗa humra da turaren wuta wa matan manya, waɗanda ba su damu da ko wace ce kai ba muddin ƙamshin ya kwana a labule. Magani ya gyara jiki, haƙuri ya gyara murya. Ƙashi ne kawai bai ji magana ba. Ba Ajimi bai bar mata gona ko rumfa ba, amma ya bar mata goshinsa, mai tudu a saman ido kamar baranda, wanda duk Gwange ta sani. Wata rana a Agege, tana cikin hijabi har ƙasa, wani tsoho mai talla ya dube ta ya ce, "Ke ba jinin Ba Ajimi ba ce, na Gwange?" Ta ce a'a. A makon ta fara neman likita.

A Indiya aka yi. Aka tsaga fata daga kunne zuwa kunne ta cikin gashi, aka goge tudun goshin, aka rage muƙamuƙi da haɓa, aka sassaƙe zakaran wuya. Da ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta wa za a kira idan wani abu ya faru, sai ta ba da lambar mutumin da ke kawo mata kwalaben turare. Ta farka ba ta gani sosai, ta yi kwanaki tana barci a zaune a ɗakin otal, tana shan romo da tsinken roba, madubin bayi a rufe da tawul. Likitan, mutum mai fara'ar da ta yi yawa, ya kafa mata dokoki: ƙanƙara kawai, ban da zafi, ban da dannawa, ban da doguwar tafiya. Ya kuma ce goshin zai mutu na wasu watanni, ko an taɓa ba za ta ji ba. Jin yakan dawo, in ji shi. Yawanci.

Ba ta daɗe da komowa Legas ba Ketura ta kira. Tare suka yi firamare, yanzu nas ce a ɗakin mata na asibitin, kuma ita kaɗai ce a Maiduguri take da lambarta.

"Mamanki tana wurinmu. Zuciya ce. Ba zan yi miki ƙarya ba, idan za ki zo, ki zo."

"Babagana fa?"

"Yana nan kamar maigadi. Amma ranar Juma'a dole ya tafi masallaci, ƙanwarku Hassana kuma lokacin take zuwa gida ɗauko abinci. Kin san matan nan da ke bin gado-gado ranar Juma'a da lemo, suna dubiya don lada? Ki zo a ɗaya daga cikinsu. Babu mai tambayar mai lemo daga ina take."

Haka ta karya dokar doguwar tafiya, ta sauka a wani masauki a unguwar Lamisula, ta hau keke zuwa asibiti, kowane rami na titin yana gaishe ta a haƙora.

Ta sami Ketura a baranda tana tura keken magani. Ta matsa kusa ta kira sunanta a hankali, ta ɗan ɗaga nikabin. Ketura ta duba, ta sake dubawa.

"Yesu mai ceto. Kai... ke ce?"

"Ni ce."

"Ina goshin?"

"Na bar shi a Indiya."

Ketura ta yi dariya, sai kuma ta toshe baki, idonta ya kawo ruwa. "Kin yi kama da wadda tirela ta bi ta kanta. Amma wallahi mace ce tirelar ta bi." Ta duba bayanta. "Gado na ƙarshe, jikin taga. Kada ki miƙe can kai tsaye, ki fara da na bakin ƙofa. In na yi tari, an sallame Juma'a, ki fita. Idan kuwa Babagana ya riske ki, ban san ki ba, ban taɓa ganin ki ba. Ina da yara a makaranta."

Ta fara da na bakin ƙofa. Sannu, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, lemo biyu. Wata ta karɓa ta yi godiya, wata ta matsa lemon ta ce bai nuna ba. Fankar sama na juya zafi daga wannan gado zuwa wancan. Daga masallacin bayan katanga ana jin huɗuba ta lasifika, liman yana bayani kan zumunci da ƙarfinsa duka.

Ya Gumsu ta ƙanƙance. Laffayar da ta yafa ta ishi mutum biyu irinta. Ƙafafun ne kawai suka cika suka yi ƙyalli. Amma idanun suna nan yadda suke, masu ganin ƙwayar tsakuwa a cikin tiren shinkafa.

"Sannu, Hajja. Ya jiki?"

"Alhamdulillahi. Wushe, sannu da zuwa." Ta karɓi lemon ta ajiye gefen filo. "Ke kuma a wannan zafi kin rufe fuska? Babu namiji a nan, duk sun tafi neman lada. Ɗaga ki sha iska. Zauna."

Rumaisa'u ta zauna a bakin gadon. Ta ɗaga.

Ya Gumsu ta dube ta. Ta daɗe tana dubawa, daga gashi zuwa haɓa, daga haɓa zuwa ido. Rumaisa'u ta riƙe numfashi. Ba ta san abin da take tsoro ya fi ba, a gane ta ko kada a gane ta.

"Kai, maza," in ji tsohuwar daga ƙarshe. "Da me ya buge ki, 'yata?"

"Da taɓarya ne wannan," in ji matar gadon kusa, wadda ba a tambaya ba. "Na san aikin taɓarya."

"Yi mana shiru, Falmata, ji da hawan jininki." Ta juyo. "Uwarki tana da rai?"

"Tana nan."

"Ta gan ki a haka?"

"Ba ta gane... ba ta gan ni ba tukuna."

"To me kike yawo da lemo a asibiti? Lada ba zai gudu ba. Ki tattara kayanki ki tafi gidanku. Ko me kika yi, ki je ki zauna a gabanta. Uwa ba ta kora."

Ta faɗi haka da ƙarfi, sai kuma ta juya kai wajen taga inda darbejiya ke tsaye babu ko motsi.

"Wani lokaci dai takan yi shiru," ta ce. "Shirun ma ba kyau."

Rumaisa'u ta dubi ledar da ke cinyarta.

"Ina da wani a Legas," in ji Ya Gumsu. "Na tsakiya. Ba ya kira. An ce turare yake sayarwa, ni na koya masa, hannunsa ya fi na Hassana. Wansa ya ce kada a ambace shi a gidan, ni kuma nan ba gida ba ne." Ta ɗan yi murmushi. "Kullum ina kallon ƙofar can. Goshin ubansa gare shi sak. Ko cikin mutum dubu ya shigo, ko ya rufe rabin fuska, zan gane shi."

"Allah ya kawo shi," in ji Falmata.

"Amin."

Kalmar tana bakin Rumaisa'u, ƙarama ce, ko wannan muƙamuƙin zai iya fitar da ita: Ya, ni ce. Ta auna ta. Idan ta faɗa, Falmata za ta ji, kuma abin da Falmata ta ji ɗakin ya ji, ƙofa ta ji, masu gora sun ji. Wannan ma da sauƙi. Tsohuwar tana da ɗa mai goshi wanda take jira, yana nan lafiya a Legas, zai iya shigowa kowane lokaci. Faɗin kalmar zai kashe shi a gabanta, a ba ta wata baƙuwa kumburarriya a madadinsa, da zuciyar da likitoci suka ce kada a tayar. Ta haɗiye kalmar. Da ƙyar kalmar ta wuce ta wurin da aka sassaƙe.

"Miƙo min fulas ɗin can," in ji Ya Gumsu. "Da ƙaramin tawul."

"Hajja, ki bari, ba ki da lafiya."

"Hannuna lafiyarsa ƙalau. Kumburi irin wannan gashi da ruwan zafi yake so. 'Yan asibiti sai su ce ƙanƙara, ƙanƙara, kamar kifi za su adana."

Ban da zafi, ban da dannawa. Rumaisa'u ta tuna fuskar likitan da yatsansa a sama. Ta miƙa fulas ɗin.

Tsohuwar ta jiƙa tawul ta matse, ta hura shi kaɗan, ta ɗora a ƙasan idon hagu, ta danna a hankali, ta koma na dama. Zafin ya ratsa har ƙashin da aka goge. Rumaisa'u ta damƙe ƙarfen gadon, ba ta janye ba. Hannun yana ƙamshin sandal da man zafi, ƙamshin ɗakin da ta girma a ciki.

"Yi kuka abinki, yana rage kumburi. Matso in yi miki addu'a."

Ya Gumsu ta ajiye tawul, ta buɗe tafin hannunta ta ɗora shi a tsakiyar goshin, yadda take yi wa 'ya'yanta in zazzaɓi ya kama su. Ta rufe ido, leɓunanta suka fara motsi.

Rumaisa'u tana ganin hannun. Tana ganin zoben azurfar, da jijiyoyin, da gefen laffayar da ya zame. Ba ta jin komai. Kamar an ɗora hannun a kan bango, ita kuma tana tsaye a ɗaya gefen. Likitan bai yi ƙarya ba, mutum ne mai cika alkawari.

Lasifikar bayan katanga ta yi sallama ta farko, ta yi ta biyu. Daga bakin ƙofa Ketura ta yi tari, ta sake yi da ƙarfi kamar mai tarin gaske.

Rumaisa'u ta ɗaga hannu ta kama na tsohuwar, ta sauko da shi a hankali daga goshin, ta kwantar da shi a kuncinta, inda gashin tawul ya bar fatar tana raɗaɗi.

Ya Gumsu ta buɗe ido ɗaya.

"Nan ne ke ciwo?"

"Nan ne, Hajja."

"To," in ji tsohuwar, ta rufe idon, ta soma addu'ar daga farko.