Farar Riga a Cikin Jaka

Ranar Alhamis ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Malam ya san cewa ɗansa ba zai zama likita ba. Wata akawu ce ta faɗa masa ta tagar ofishin rajista na makarantar koyon aikin likita, tana tauna cingam.

"Baba, wannan lambar ba ta cikin masu gamawa bana. Ba ta ma cikin ɗalibai. Shekara biyu ke nan da aka sallame shi."

"Sake dubawa, 'yata. Wataƙila injin ne."

"Injin lafiyarsa ƙalau. Ya faɗi jarrabawar aji huɗu, ya maimaita, ya sake faɗuwa. Sau biyu ake yarda." Sai a lokacin ta ɗago kai ta dube shi. Ta daina tauna cingam ɗin. "Ku ne mahaifinsa?"

"Haka aka ce."

Ya gyara tabaransa, wanda aka ɗaure hannunsa ɗaya da baƙin zare, ya ɗauki jakarsa ya koma kan bencin da ke baranda. Ɗalibai suna wucewa cikin fararen riguna, suna dariya kamar ba a taɓa korar kowa daga ko'ina ba.

Malam ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da kimiyya a sakandare. Dattijo ne a ikilisiya, kuma mutum ne da ya karanta littattafai fiye da yadda ya amfane shi. Tun yaron yana shekara bakwai ya laƙaba masa suna Likita, sunan ya bi shi gida da makaranta da majami'a har ya danne na baftisma. Akwai kuma labarin da Malam ke ba kowane baƙo bayan an ci abinci: yadda shi kansa ya samu gurbin karatun likita yana saurayi, talaucin mahaifinsa ya hana shi tafiya. Ya sha ba da labarin har shi ma ya kusa yarda da shi.

A majami'arsu, duk Lahadin farko na wata ana karanta takardun neman addu'a. Shekara shida takardar Malam ba ta taɓa fashi ba: a tuna da ɗana Likita a karatunsa. Ran Lahadi mai zuwa kuwa sujadar godiya ce ta gama karatun Likita. Fasto ya riga ya sanar, ƙungiyar mata ta yi mako uku tana koyon waƙa. Shi ya sa Malam ya shiga bas tun da asuba ba tare da ya gaya wa yaron ba, don ya kai masa farar rigar da marigayiya matarsa, wadda tela ce, ta ɗinka a watanninta na ƙarshe. Rigar tana cikin jakar, a naɗe cikin takarda.

Ya ciro waya, ya kusantar da ita har hancinsa, ya nemo lambar yaron.

"Baba, ina kwana? Lafiya dai?"

"Lafiya. Kana ina?"

"Ina asibiti. Muna zagayen marasa lafiya."

"Madalla. Ni ma ina asibitin. Wane ɗaki zan same ka?"

Ta cikin wayar Malam yana jin ƙarar wani inji, wanda bai yi kama da kayan asibiti ba. Sannan aka kashe injin.

"Ka fito ta babbar ƙofa, Baba. Ka hau bas mai zuwa kasuwa, ka sauka a tsayawa ta uku. Zan jira ka."

Shagon yana wani siririn titi, tsakanin mai gyaran waya da mai yanka makulli. Shagon tabarau ne: madubai a bango, firam-firam a jere cikin akwatin gilashi, allon haruffa da ke ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa da rigar aiki ruwan toka wadda ta ƙoɗe a gwiwar hannu. Ya rame, amma ba irin ramar da Malam ya saba gani a lokacin hutu ba. Ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya amsa wa bango.

Mai shagon, wata mace mai jiki da murya, ta taso daga bayan teburinta tana tafa hannu.

"A'a! Ku ne baban Gwani? Sannu da hanya, Baba. Gwani, kawo kujera mana, ka tsaya kamar an dasa ka."

"Gwani," in ji Malam. "Ashe har suna aka sake maka."

"Ai ya ci sunan," in ji ta. "Ni ke gwada ido, shi ke yanka gilashi. Shekara ashirin ina wannan aiki, ban ga hannu irin nasa ba. Likitocin asibitin can ma nan suke kawo nasu."

"To, ashe yana ganin likitoci. Alhamdu."

Matar ta dubi uban, ta dubi ɗan, ta gane ruwan da ta shiga. Sai idonta ya faɗa kan baƙin zaren.

"Baba, wannan tabarau ne ko tarihi? Ku zauna nan in duba ku."

"Ba ido na kawo ba."

"Amma da shi kuka zo. Ku zauna."

Ya zauna, don ƙafafunsa sun gaji da riƙe masa mutunci. Ta sa masa wani ƙarfe a fuska, tana canja gilasai tana tambaya, wannan ko wannan. Ya karanta layi biyu na sama, na uku ya yi ta harbin iska. Ta rubuta lambobi a 'yar takarda ta miƙa wa yaron, ta ce ita za ta leƙa banki. Ba ta ɗauki jakarta ba.

Yaron ya shiga ɗakin baya, Malam ya bi shi. Ɗakin bai fi tabarma biyu ba. Inji yana fesa ruwa a kan dutsen wasa, farin gari ya kwanta a kan komai. Yaron ya zaɓo gilasai biyu daga aljihun tebur, ya ɗiga musu alama da alƙalami, ya kunna injin. Hannunsa ya san aikin, kuma wannan ya ƙara ɓata wa Malam rai.

"Shekara biyu," in ji shi, yana ɗaga murya sama da injin. "Shekara biyu ina miƙewa a gaban ikilisiya ina nema wa ɗalibin da babu shi addu'a. Allah dai ya san inda kake. Ni ne aka bari a tasha."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Haƙuri ina da shi, har na ajiye na gobe. Bayani nake so."

Yaron ya kashe injin, ya share gilashin da tsumma, ya ɗaga shi sama yana duba gefensa.

"Sau uku na zo gida don in faɗa maka. Na farko na tarar kana ba baƙi labarin Kaka da gurbin da ka rasa. Na biyu Fasto ya tsai da ni a gaban jama'a ya ɗora mini hannu. Na uku ban ma shigo ba, daga tasha na juya."

"Ka ji tsoron in cinye ka?"

"Kai talauci ya hana ka, Baba. Ni me zan ce ya hana ni? Ka ba ni komai. Kan ne ba ni da shi. Ina karatu har idona ya yi ja, in shiga ɗakin jarrabawa komai ya zube." Ya sa gilashin cikin firam, ya danna da babban yatsa. "Wata takwas ban shiga majami'a ba. Gani nake Allah ma da sunan nan ya san ni, in na zo ba shi, ba zai gane ni ba."

"Kada ka jawo Allah cikin lalacinka."

"To."

Wannan "to" ɗin na uwarsa ne. Da shi take rufe gardama ta bar Malam da nasararsa a hannu, ba inda zai kai ta.

Aka yi sallama a gaba. Wata tsohuwa ce ta zo karɓar tabaranta. Yaron ya wanke hannu ya fita, Malam ya tsaya a bakin labule yana kallo. Yaron ya sa mata tabarau, ya gyara bayan kunne, sannan maimakon ya nuna mata allon haruffa sai ya buɗe wani ɗan gwangwani ya ciro allura da zare.

"Iya, gwada mu gani."

Ta lashi bakin zaren, ta ɗaga allurar wajen haske. Sau ɗaya ya shige.

"Kai! Ɗan nan, ashe allura tana da hanci har yanzu!" Ta yi dariya har tana dukan cinya. "Jikokina sun huta. Allah ya yi maka albarka, ya ji ƙan iyayenka."

"Ga ɗaya nan a tsaye, Iya."

"Au, ku ne? Kun haifa, Malam. Kun haifa."

Malam ya ce amin a ciki-ciki. Da ta fita ya nuna gwangwanin da haɓa.

"Wannan kuma a wane aji aka koya maka?"

"Ba kowa ke karatu ba, amma kowa ya san allura." Yaron ya mai da murfin. "Gwangwanin Mama ne. Shekara uku tana kirana in zura mata zare. In ina makaranta, sai ta jira 'ya'yan maƙwabta. Babu wanda ya ce a kai ta a duba mata ido, har ni. Cewa take, bari Likita ya gama."

Malam ya koma ga abin da ya kawo shi.

"Lahadi fa? An sanar. Mata sun koyi waƙa."

"In ka ce in zo, zan zo. Zan tsaya kusa da kai in gode wa Allah, don ina da abin godiya. Amma da wannan rigar zan tsaya. Ba zan yi ƙarya a gaban bagade ba, na gaji."

"Ka zo su ga me? Mai wasa gilashi?"

Yaron ya ɗauko sabon tabarau, ya hura, ya goge, ya sa a cikin kwalinsa ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, yaushe rabon da ka kira ni da sunana?"

Malam ya buɗe baki. Sunan yana nan, shi da kansa ya zaɓo shi daga Littafi Mai Tsarki. Amma ya daɗe a ajiye har ya yi nauyi. Ya karɓi kwalin ya jefa a aljihu.

"Kada ka wahalar da kanka ran Lahadi," in ji shi. "Hanyar da nisa."

Duk da haka yaron ya raka shi tasha, ya riƙe masa jaka. A bakin bas ya ɗan jijjiga ta.

"Ba nauyi. Me ke ciki?"

"Ba naka ba ne."

Ya samu kujerar taga. Bas ɗin yana jiran mutum biyu, kwandasta yana rantsuwa cewa yanzu za a tashi. Don kada ya dubi waje, Malam ya ciro kwalin, ya cire tsohon tabarau ya sa sabon. Duniya ta matso kusa ba tare da neman izini ba. Ya ga tsagar da ke jikin kujerar gaba, ya ga ƙananan rubutun da ke kan tikitinsa, ya ga jijiyoyin bayan hannunsa. Bai matse shi a hanci ba, bai zame ba. Aiki ne mai kyau, kuma Malam ya san aiki mai kyau in ya gani, ya yi shekara talatin da biyar yana neman sa a littattafan yara.

Ya buɗe jakar, ya ɗaga gefen takardar. A gida ya sha shafa rigar nan yana cewa ɗinkin marigayiya babu na biyu. Yanzu ya ga ɗinkin. Layin ya karkace a wuya. Aljihun ƙirji ya fi karkata hagu. A wuri uku allura ta kauce ta dawo, kuma maɓalli ɗaya da zare mai ruwan madara aka ɗinka shi, ba fari ba. Da lalube ta yi shi.

Ya ɗago kai. Yaron yana nan inda ya bar shi, bayan mai sayar da ruwa, hannuwansa a aljihun rigar toka, farin gari a gashinsa. Malam ya san tsayuwar nan. Haka shi ma ya tsaya shekara arba'in da suka wuce a gaban wani allon sakamakon jarrabawa, yana bin sunaye daga sama har ƙasa, a shekara ta biyu a jere, kafin ya koma gida ya fara shirya labarin da zai bayar.

Ya kama tagar ya tura. Ta ƙi. Ya sake turawa da hannu biyu.

"Baba, a bar ta, ta lalace," in ji kwandasta, ya buga jikin motar. Direba ya ja.

Yaron ya ɗaga hannu. Malam yana ganinsa tar har suka sha kwana.

Ran Lahadi Fasto ya sanar cewa an ɗage sujadar godiya sai wani lokaci, mata suka rera waƙarsu a kan wani jariri. Yaron ya ci gaba da kira kowane ƙarshen mako, suna gaisawa, suna maganar hawan jini da ruwan sama. Kowane lokaci Malam yakan gyara tabarau, ya ja numfashi, maganar ta taso har maƙogwaro, sai ya ji kansa yana cewa a gaida Madam mai shago. Rigar tana nan cikin jaka a kan kabad. Maganar ma tana nan, ba ta da tsawo: ba talauci ba ne, ɗana. Ni ma sau biyu na faɗi.