Abin da Za a Rubuta a Kabarin Delbert Kincaid

Shekara arba'in ina sassaƙa duwatsun kabari a garinmu, cikin tsaunukan West Virginia, kuma Delbert Kincaid abokina ne tun muna yara. Gyaran bindigogin farauta ne sana'arsa. A bangon shagonsa akwai wani tsohon allon katako da aka rubuta cewa wanda ya riƙe bindigarsa ya riƙe 'yancinsa, a ƙasa kuma ga sunan shugaban ƙasarmu na farko. Duk wanda ya shigo, sai Delbert ya nuna masa allon kafin ya karɓi bindigar.

'Yarsa Corinne malamar tarihi ce a sakandare. Shekara shida da suka wuce aka yi taron gari kan dokar riƙe makamai. Delbert ya miƙe ya karanto maganar allon nan da ƙarfi, aka tafa masa. Sai Corinne ta ɗaga hannu.

"Baba, ka yi haƙuri, bai taɓa faɗin haka ba. Na bi wasiƙunsa da jawabansa, babu ita."

Wasu suka yi dariya. Delbert ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma sai a ƙofar coci.

A watan Maris ciwon zuciya ya ɗauke shi. Bayan sati uku matarsa Wanda ta zo wurin aikina tare da Corinne da yayanta Royce, don su faɗa mini abin da zan sassaƙa.

"Maganar allon za ka sa, Kawu Orval," in ji Royce. "Da sunan mai maganar."

"Yaya, ƙarya za mu ɗora masa a kai har abada?" in ji Corinne.

"To, malama ta fara. Kin kunyata shi yana raye, yanzu kuma kin biyo shi kabari da jan biro."

Corinne ta sunkuyar da kai. Wanda ta buɗe jakarta ta ciro wani ambulan da ya sha ninki, ta miƙa mini, ta ce ta manta tabaranta, in karanta musu. Wasiƙa ce daga ɗakin karatu na wata jami'a, ta shekara biyar da rubutawa. Sun gode wa Mista Kincaid da tambayarsa, sun ce sun bincika, ba su sami maganar a cikin rubuce-rubucen shugaban ba, kuma sai bayan rasuwarsa da fiye da shekara ɗari aka fara jingina masa ita.

"Da kansa ya rubuta musu," in ji Wanda. "A teburin kicin ya karanta amsar, har kofinsa ya huce. Ya ce, yarinyar nan ta fi ni gaskiya."

Corinne ta ɗago. "Mama, shekara biyar kina da wannan?"

"Na ce ya kira ki. Ya ce gobe. Na sake faɗa, ya ce in ya ji na gaya miki, ba zai yafe mini ba."

"Amma ai bai sauke allon ba," in ji Royce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Kakanku ne ya sassaƙa shi da hannunsa. Ta yaya zai sauke?"

Royce ya fita ya zauna a motarsa, bai kunna ta ba. Wanda ta ce in sa sunan mijinta da shekarunsa kawai.

Ranar da na je kafa dutsen, da safe ana yayyafi, na tarar da Corinne a maƙabarta. Ta riƙe mini gefe ɗaya har na daidaita shi. Tana goge lakar hannunta ta ce, "Kawu, ya taɓa yi maka maganata?"

Na so in ƙara gishiri, amma ba ita ake yi wa haka ba.

"Sau ɗaya. Bara, lokacin farautar barewa. Ya ce kin fi Royce iya harbi, kada in gaya wa kowa."

Ta yi 'yar dariya, sai kuka ya ƙwace mata. Na tattara kayan aikina na tsaya jiranta a bakin ƙofa, don a ƙafa ta zo, ruwan kuma yana ƙaruwa.