Ɗinkin da Ya Ƙi Rabuwa

Maƙwabciyata mai ɗinki ba ta iya ganin zare yana reto ta wuce. Ko a wuyan baƙo ta gan shi, sai ta kai hannu. Autarta kuwa malamar kimiyya ce, sabuwa, tana kan gwaji: sufeto zai zo ya kalli darasinta, in ya yaba a tabbatar mata da aiki.

Malamar ta kwashi ƙyallayen uwar, ja da shuɗi, ta cusa musu auduga suka zama kamar yatsu, ta haɗa su bibbiyu a ƙugu da zare guda, sako-sako. Na leƙa ta taga na ce, "'Yar tsana ba kai?"

"Kai, Gwaggo! Kuromosom ne, suna cikin ƙwayoyin halittar jikinmu. In ƙwaya za ta rabu biyu, sai su yi kauri, su jeru a tsakiya, tagwayen su rabu a ƙugu, wannan ya yi nan, wancan ya yi can."

Uwar tana kasuwa, ba ta ji bayanin ba. Da ta dawo ta gan su a kwando, ta riƙe baki. "Jinina ne ya yi wannan ɗinki? A kai gaban manya, a ce daga gidana?" Ta hau keken ɗinki ta bi kowane ƙugu, gaba da baya. Ba ta faɗa wa kowa ba, wai ita mai alheri.

Mai sharar makarantar ce ta ba ni sauran. An jera kuromosom ɗin a tebur, malama ta ce ɗalibai su ja. Suka ja, shiru. Suka ƙara ƙarfi, ɗaya ta faɗi zaune, auduga ta tashi, aji ya ɓarke da dariya. Sufeto ya duba agogo ya miƙe.

Da yamma malama ta dire kwandon a gaban keke.

"Inna, ke ce?"

"Gani na yi zai warware..."

"Warwarewar ake so."

Uwar ta ɗauki reza ta hau farkewa, ɗinkin ya ƙi.

"Ina sufeton yake zaune? In je in ce masa ni ce."

"Ya tafi, Inna. Sai wani zangon, in sun bar ni."

Malama ta durƙusa ta karɓe rezar, don uwar ta yanke a yatsa ba ta ma sani ba.