Rumbu a Kan Gidan Tururuwa

Sha'ibu magini ne ɗan Sheme, amma yawancin aikinsa a Kankara yake yi, inda ake ta gina shaguna da bulo da siminti. Shekara goma sha biyu yana wannan sana'a, ba a taɓa kiransa gyaran abin da ya gina ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Da kaka ta zo, matarsa Suwaibatu ta gaya masa cewa tsohon rumbun mahaifinta ya tsage, ana neman mai gina sabo kafin a kwaso dawa. Sha'ibu ya ce ba za a ɗauko bare ba yana raye. Ya roƙi hutun kwana goma a wurin aiki, ya hau babur ya nufi ƙauyen surukansa da ke ƙasar Sabuwa.

Surukinsa, Malam Abdulgafar, ya nuna masa wani lungu kusa da danga, sannan ya tafi ta'aziyya wani gari. Sha'ibu ya wuni yana jido duwatsun da rumbu zai zauna a kai, ya kwaɓa ƙasa da ciyawa ya bar ta ta tsima. Washegari da ya share wurin sosai sai ya ga wani ɗan fili fes, ba ko tsiro ɗaya, da rami a tsakiya, ƙaiƙayi zagaye da bakinsa. Tururuwa na ta shiga, kowace da ƙwayar hatsi a baki.

"Sannu da aiki, magini," in ji wata murya ta bayan danga.

Baba Ɗanhausa ne, wani tsohon Bamaguje maƙwabcin gidan, abokin Malam Abdulgafar tun ƙuruciya. Ya leƙo, ya daɗe yana kallon ramin.

"Nan za ka aza shi?"

"Nan, Baba."

"Ka matsa da shi gaba. Gidan nan ya girmi matarka. Wannan bakin ƙofa ne kurum kake gani. Can ciki ɗaki ne bisa ɗaki, sun kwashe ƙasar sun hiddo ta waje. In a gona ne, ai alheri ne, ruwa ya samu hanyar shiga, ƙasa ta yi taushi, dawar gefen wurin ta hi kowace tsawo. Amma ba ta ɗaukar nauyi."

Akwai maza biyu a tsaye da suka zo kallon aikin, kuma Sha'ibu bai ji daɗin a koya masa gini a gabansu ba. Ya yi dariya ya ce, "Baba, bene na gina a Kankara. Tururuwa ce za ta kada mini rumbu?"

Mutanen suka yi dariya. Tsohon ya ce, "To, Allah shi taimaka," ya koma gidansa.

Sha'ibu ya auna abin a ransa. In ya canja wuri, sai ya sake jidar duwatsu, ya sake daidaita ƙasa, kwana biyu sun tafi. Ya sayo fiya-fiya, maganin ƙwari, ya tuttula a ramin, ya cusa ƙasa ya daddaɓe, ya jera duwatsunsa.

Da Malam Abdulgafar ya dawo, ya tsaya yana duba aikin ya ce, "Ɗanhausa ya ce mani akwai tururuwa a wurin."

Sha'ibu ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Na tone su, Baba. Sai da na kai ƙasa mai tauri."

"Madalla. Kai ka san aikinka."

Rumbun ya yi kyau ƙwarai. Cikinsa ya fito kamar tulu, aka ɗora masa jinka sabuwa, aka cika shi da dammunan dawa har wuya. Duk rani Malam Abdulgafar na nuna wa baƙi aikin surukinsa.

Damina ta sauka da ƙarfi. Ana cikin noman farko aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A rana ta huɗu da hantsi, Sha'ibu na kan gini a Kankara, wayarsa ta yi ƙara. Kamilu ne, yayan Suwaibatu.

"Rumbu ya faɗi. Inna ta ɗebi dawa ke nan ta juya baya, sai ya kwanta. Allah ya tsare, ba abin da ya same ta."

Sha'ibu ya sauko ya hau babur. Hanya ta lalace da taɓo, sai bayan la'asar ya isa. Duwatsu uku na ɓangaren danga sun nutse har ba a ganinsu. Rumbun ya kife ya fashe biyu, dawa ta watsu cikin laka. Mata na tsince zangarniya suna shanyawa a kan tabarmi, surukarsa Inna Hajaratu a cikinsu, hannuwanta duk taɓo. Da ta gan shi ta miƙe ta yi masa sannu da hanya, ta sa aka kawo masa ruwa. Ya karɓi kwanon ya kasa sha.

"Kada ka damu kanka," in ji Malam Abdulgafar. "Ruwan bana ne. Ƙaddara ta riga fata."

Maƙwabta suka amsa da cewa haka ne, ai har katangar masallaci ta zube. Baba Ɗanhausa na nan yana taya kwashe ɓaraguzai. Bai ce komai ba, bai ma dubi inda Sha'ibu yake ba. Wannan shirun ya fi zagi zafi. Sha'ibu ya ga cewa in ya kama bakinsa, maganar ta wuce ke nan, ruwa ya ɗauki laifi.

Ya ɗauki shebur ya fara janye laka daga inda duwatsun suka nutse. Bai yi nisa ba shebur ya zurma. Ƙasar ta buɗe, ga ƙananan ɗakuna jere, wasu sun rufta, wasu cike da ruwa da ruɓaɓɓen hatsi mai tsami, ga hanyoyi sirara sun bi ta ko'ina. Kamilu ya sunkuya ya duba, sannan ya ɗago ya dubi Sha'ibu.

Sha'ibu ya ajiye shebur, ya je gaban surukinsa ya tsuguna a cikin taɓon.

"Baba, ba ruwa ba ne. Ban tone su ba. Magani na zuba na rufe bakin. Baba Ɗanhausa ya gaya mini, na yi masa dariya. Kai kuma na yi maka ƙarya."

Matan suka daina tsinta. Malam Abdulgafar ya daɗe yana kallon dawar da ke kan tabarmi.

"Da Hajaratu ta ƙara jinkiri kaɗan hwa?" ya ce a hankali. Ya juya ya shige zaure.

Sha'ibu ya juya wajen tsohon. "Baba, ka yafe mini."

"Tashi, tufafinka na ɓaci," in ji Baba Ɗanhausa. "Da ka bar su da rai ma da sauƙi, suna gyaran gidansu. Ka kashe masu gida, ka bar kango ƙarƙashin abincin mutane. Ɗauki wancan gefen ɓarin rumbun mu ɗaga."

An tsira da kamar rabin dawar. Sauran ta yi tsiro ko ta yi hunhuna, aka ba dabbobi. Sha'ibu ya riƙa aiko da masara daga gonarsa har sabon hatsi ya shigo. Ana karɓa, a aiko masa da godiya ta bakin Kamilu.

Da ruwa ya ɗauke ya koma ya gina wani. Baba Ɗanhausa ne ya zaɓi wurin, bayan ya zagaya gidan yana soka sanda a ƙasa. Kafin a aza dutse ko ɗaya, Malam Abdulgafar ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna ya ce a tona yana gani. Sha'ibu ya tona har guiwa, surukinsa ya leƙa, ya ce a ƙara. Ya ƙara.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a aikin. A gidan wani abokinsa yake kwana, kuma kullum aka fito masa da tuwo daga gidan surukansa sai ya ce ya ƙoshi. Ranar da aka ɗora jinka, ya yi sallama daga zaure ya tafi tun kafin mutane su taru.