Masaukin Babban Kan Jirgi

Shekara goma sha tara Sharfuddeen yana jera manya a sakatariya a Roni. Shi ya san wa zai fara shiga zaure, wa zai zauna can ƙurya, wa zai tsaya waje yana leƙe. Da ya ji wani kamfanin jiragen ƙasa na neman mai tsara jadawali, sai ya ce ai aikinsa ne aka sauya wa suna. Tun kafin jarrabawa ya miƙa takardar ajiye aiki, saboda mutum irinsa ba ya zuwa nema da ƙafa ɗaya a baya. Tabɗi!

Ranar Talata da hantsi aka tara masu neman aikin a wani ofis a Kazaure. Injiniya Baƙo, mai jarrabawar, ya zaunar da shi gaban kwamfuta. Wasan kwaikwayon tafiyar jiragen ƙasa ne a ciki, an zana layin dogo na ƙarya daga Kazaure zuwa Babura, Roni da Gwiwa.

"Kawunan jirgi biyar ne," in ji Baƙo. "Rumfar ajiyarsu layi ɗaya ce, ƙofa ɗaya. Ka jera su da yamma, ka ba kowanne taragon da zai ja da safe. Babban nan shi ke fita da ƙarfe shida, ya ja hatsi zuwa Babura."

Sharfuddeen ya yi murmushi. Wannan ma har jarrabawa ce? Ya ɗauki babban, jibgege mai jan fenti, ya shigar da shi farko, can ƙurya. Mai bi masa ya biyo, har zuwa ɗan tsamurmurin da ke jan fasinjan Gwiwa, wanda ya bari a bakin ƙofa. Ya harɗe hannu yana jiran yabo.

Baƙo ya gudanar da agogon wasan. Shida ta yi. Babba ya tashi, ya yi gurnani, ya tarar da ƙanana huɗu sun toshe masa hanya, direbobinsu kuma sai bakwai. Allo ya yi ja wur.

"Malam, wanda zai fara fita shi ake shigarwa ƙarshe," Baƙo ya ce a hankali. "Na ba ka dama ta biyu. Ka ajiye shi bakin ƙofa kawai."

"Bakin ƙofa? Haba Injiniya! Babba guda?"

"Ƙarfe ne, Malam."

"Ko ƙarfe ne, ai akwai na gaba."

Wallahi ya so aikin nan, amma yatsansa ya ƙi jan babban nan zuwa ƙofa. Sai dabara ta zo masa, irin wadda ya saba. Ya tashi ƙananan tun biyar da rabi, ya fitar da su suka jeru a kan babban layi, babba ya fito ya wuce a tsanake. Su kuwa suka cushe a mararraba, ba gaba ba baya.

"Fasinja ɗari uku na tsaye a tashar Gwiwa," in ji Baƙo. "Jirginsu ba zai zo ba sai azahar."

"Su jira mana. Ai sun saba."

Baƙo ya kira mai bin Sharfuddeen a layi, wata Priscilla, 'yar wani bakanike a tashar mota. Sharfuddeen bai fita ba, ya tsaya bayanta don ya ga abin kunya. Minti uku ta yi. Ta tura ƙananan ciki, ta bar jibgegen a bakin ƙofa, ko a jikinta. Allo ya yi kore, Baƙo ya tambaye ta ko za ta iya farawa Litinin.

A waje rana ta take. Sharfuddeen ya tsaya gindin darbejiya, yana faɗa wa 'yan acaɓa cewa tarbiyya ta ƙare a ƙasar nan. Can ya zaro waya ya kira Daudu, ƙaramin ma'aikacin da ya yi shekara bakwai yana aike sayo goro, wanda aka ɗora a kujerarsa makon jiya. Sai da ta yi ƙara biyar aka ɗauka.

"Wa ke magana?" in ji Daudu.

Sharfuddeen ya ɗan rusuna, ko da yake ba mai ganinsa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ko takardar nan tawa ta ajiye aiki ta riga ta wuce sama?"