Tukwanen Dokta Fa'iza

"Wanke-wanke take yi a Turai," in ji matan Anka, kuma kowacce ta ji ne daga bakin wanda ya gani da idonsa, a waya. Hajiya Iyatu, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, ba ta karɓar labarin da ba shi da uba. Sai dai yau bayan la'asar kwamitin makaranta zai yanke ko a rubuta sunan 'yarta, Dokta Fa'iza, a ƙofar sabon ɗakin kimiyya. Shugabansa, Alhaji Mainasara, har ya turo mata hoton da ake yawo da shi, don tausayi: Fa'iza cikin farin kaya har fuska, gaban wani ƙarfe kamar tukwanen da aka jera baki da baki.

Iyatu ta buga wa Fa'iza waya.

"Ke, mi kike wankewa?"

"Inna, ba ko sallama? Kogon ƙarfe ne. Sanyaya shi ake yi har lantarki ya bi shi ba tirjiya, ya ingiza ƙwayoyin zarra su kusa gudun haske."

"Ban tambaye ki gudu ba."

"To. Ƙura ɗaya da ido bai gani, in ta maƙale a bangon ciki, nan ƙarfin zai taru. Lantarki ya dinga tsiyaya ta wurin, ya zafafa bango, na'urar ta tsaya. Shi ya sa ake fesa mishi ruwan da ya fi na asibiti tsabta."

Iyatu ta tuna ƙauyen Abare, inda ƙurar dalmar da ba a gani ta kwashe yara, manya suna cewa iskokai ne.

"Ke da hannunki, da digirinki?"

"Awo. Wa ke maido min da tukunya in ta ga maiƙo?"

"Rufe min baki."

A taron, Mainasara, wanda kimiyyarsa ta tsaya a cajin waya, ya gyara hula.

"Hajiya, mutuncin makaranta muke tsaro. Ki ce sharrin mahassada ne, mai fenti na waje yana jira."

Iyatu ta dubi ƙofar da ba a rubuta wa komai ba. Ta dubi teburin gabansa, ta shafa yatsa a kai, ta duba ƙurar da ta hau yatsan.

"Ba sharri ba ne," ta ce. "Tukwane take wankewa."