Maiƙon da Ya Ƙi Fita

Shekara guda bayan yaƙin basasa, Salome tana wanke-wanke a wata makarantar kwana ta 'yan mata a bayan garin Kontagora. Kwano ɗari da sittin take wankewa, sau uku a yini, ta kife su a kan wani dakali na kara har rana ta busar da su. Shekararta takwas a kan wannan aiki, ba a taɓa dawo mata da kwano an ce da saura ba.

A tsakiyar daminar nan ne kwanonin suka canza mata. Ta wanke, ta ɗauraye, amma idan ta shafa sai ta ji santsi, kamar an goga musu mai. Ruwa ya tsaya a jikinsu ɗigo-ɗigo, ya ƙi tsiyayewa, har lokacin abincin rana ya yi ba su bushe ba.

Da fari ta ɗora laifin a kan sabulu. Ta bar na sanda da ake ba ta daga sito, ta kawo sabulun salo daga gida. Ba ta canza zane ba. Ta jefar da soso ta ɗauko sabo, ta dirje da toka, ta dirje da yashi har fentin wasu kwanonin ya fara tashi. Baba Sati, tsohon kukun makarantar, ya ce man ja ne na wannan karon bai da kyau. Amma ran da aka yi kunu babu ko ɗigon mai, kwanonin sun fito yadda suka saba.

A mako na biyu yara suka fara amai da jiri. Salome kanta sai ta riƙa jin kai yana sara mata, yatsunta suna rawa idan ta ɗauki kofi.

Mijinta Luka ne ya gano. Manomin auduga ne. Ta miƙo masa tuwo da yamma, sai ya riƙe hannunta ya shinshina.

"Ina kika taɓa maganin feshi?"

"Wane feshi? Tun safe hannuna na cikin ruwa."

"To ruwan ne. Wannan warin na sani, shi muke fesa wa auduga."

Nan take ta tuna. Tsohuwar randar simintin da ake tara ruwa ta tsage a farkon damina, Malam Abdulsalami mai kula da sito ya kawo wani duro, an yi masa shuɗin fenti ciki da waje. A cikinsa ake zuba ruwan wanke-wanke, kuma idan an matsu, daga nan Baba Sati yake kamfatar na dama kunu.

Da sassafe ta je ta kwashe ruwan, ta karce fentin da wuƙa daga ƙasa. Wani abu mai danƙo ya biyo bakin wuƙar, warinsa ya sa ta tari. Ta kira Baba Sati ya gani, ya dafe kai ya yi salati. Sai ta nufi sito.

"Malam, duron nan na magani ne. Shi yake sa yara ciwo."

Abdulsalami bai ɗago daga buhun da yake ɗaurewa ba. "Ke likita ce yanzu? An wanke shi, an yi fenti. Je ki yi aikinki."

"Zan gaya wa shugaba."

"Ta tafi Sakkwato, sai jibi."

Ranar Salome ta bar duron, ta riƙa ɗauko ruwa a ka daga rijiya, sawu ashirin da wani abu, har wuyanta ya ƙage. Kwanonin suka fito garau, suka bushe kafin hantsi ya ɗaga. Ta tsaya tana shafa su, ba ta ji daɗin komai ba, don a lokacin an riga an kai yara bakwai asibiti. Ɗaya daga cikinsu, Ruka 'yar aji biyu, wadda aka kawo daga Mashegu, ba ta kai washegari ba.

Da duba-gari mai binciken tsabta ya zo tare da shugabar makaranta, babu duro. Inda yake a da an share, an yayyafa yashi. Salome ta nuna wurin, ta faɗi duk abin da ta gani. Duba-gari ya juya ga kuku.

"Baba, ka san zancen wani duro?"

Baba Sati ya kalli ƙasa. "Ranka ya daɗe, ni girki nake yi. Ban lura ba."

Aka rubuta cewa rashin tsabtar kwanoni ne. An ga inda fenti ya tashi a jikin kwanonin, an ga toka a wurin wanke-wanke, an ga sabulun da ba na makaranta ba. Kafin la'asar aka ce Salome ta tattara nata ta tafi.

Ta koma gona tare da Luka. Rawar hannun ba ta sake ta ba har kaka, zare ma ba ta iya zura shi a allura. A kasuwa mata suka daina sayen daddawar da take kaiwa, don labari ya riga ya zaga cewa ƙazantarta ta kashe 'yar mutane.

Bayan an tsinke auduga Baba Sati ya zo gidan. Ya zauna a ƙofar ɗaki, ya cire hula yana murza ta a hannu.

"'Yata, ki yafe mini. Bakuna tara nake ciyarwa. Shi kuwa Malam har yau yana nan a sito."

Salome ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tambaye shi ko iyayen Ruka sun zo ɗaukar kayanta. Ya ce uban ya zo a kan keke, ya ɗaure akwatin a baya, ya tafi.

Ta tashi ta kawo masa ruwa, saboda baƙo ne kuma tsoho. Ya karɓa da hannu biyu, ya sha rabi, ya ajiye. Luka ya raka shi har bakin hanya, ita kuwa ta koma sussukar dawarta.